Jirgin Ruwa, Kwamfuta Da Zaren Magini

Masu karatu, yawancinmu mutanen tudu ne. Akwai dattawa a cikinmu waɗanda suka yi shekara saba'in a duniya ba su taɓa ganin teku da idonsu ba, ba kuwa abin da ya rage su. Amma bari kowa ya duba cikin gidansa. Babur ɗin da ke jingine a zaure, da keken ɗinkin uwargida, da wayar da ke aljihunka, da alkamar da aka yi burodin safe da ita, mafi yawansu ta jirgin ruwa suka iso, ko dai ta Apapa da Tin Can a Legas, ko ta Kwatano da Lome in kana Jamhuriyar Nijar, ko ta Tema in kana Gana. Masu ƙididdiga na Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan da ƙasashe ke sayar wa juna ta teku ake ɗaukar su. Saboda haka a wannan wata za mu leƙa inda ake ƙera manyan jiragen ruwa, mu ga irin aikin da kwamfuta take yi a can, mu kuma ga inda iyakarta take.

Tambaya biyu ke gaban duk mai ƙera jirgi, tun daga mai sassaƙa kwale-kwale a Yawuri har zuwa babban injiniya a Koriya. Ta fari, zai zauna a kan ruwa ko zai nutse? Ta biyu, in ya zauna, zai tsaya a miƙe ko zai kife?

Amsar ta fari tsohuwa ce. Fiye da shekara 2,200 da suka wuce wani Bahelene mai suna Arkimidis ya gane cewa duk abin da aka sa cikin ruwa, ruwan yakan tura shi sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture. Ɗora ƙwarya a kan ruwa cikin daro, ka riƙa zuba mata tsakuwa kaɗan kaɗan. Za ka ga tana sauka a hankali, tana ture ruwa gwargwadon abin da ka ƙara mata, har ruwa ya kai bakinta. Haka jirgin ƙarfe yake. Ruwan tekun da zai cika akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗi mita ɗaya, zurfi mita ɗaya, nauyinsa wajen kilo 1,025 ne. In ka san girman gangar jirgin da ke ƙarƙashin ruwa, ka san nauyin jirgin duka ke nan.

Tambaya ta biyu ita ce mai wuya, ita ce kuma mai cin rayuka. Direban babbar mota ya san ta. In aka jera buhuna masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi a sama, motar takan sha kwana lafiya. In aka tula mata kaya har suka wuce bodi, to, a kwanar farko sai a ji salati. Kowane jirgi yana da wani wuri da za a ce nan ne nauyinsa duka ya taru, masana suna ce da shi cibiyar nauyi. In tana ƙasa yadda ya kamata, iska ta karkata jirgin, zai komo ya miƙe da kansa. In ta hau sama fiye da kima, ya karkata, ya tafi ke nan.

A shekara ta 1628 mutanen Suwidin suka ga wannan da idonsu. Sarkinsu, Gustaf Adolf, yana yaƙi da Polan, ya sa aka ƙera masa wani ƙasaitaccen jirgin yaƙi mai suna Vasa, mai igwa 64, mafi yawansu jere a hawa biyu, an yi masa ado da sassaƙa iri iri. Kafin ya tashi aka gwada shi irin gwajin wancan zamani: mutum 30 suka sheƙa a guje daga wannan gefe zuwa wancan don a ga yadda zai yi lilo. Sau uku kaɗai suka ƙetare, sai babban hafsan da ke kallo ya tsai da su, gama jirgin yana neman kifewa tun yana ɗaure a bakin gaɓa. Duk da haka ba wanda ya hana shi tashi, sarki yana fagen fama yana jiransa. Ran 10 ga Agusta ya bar tashar Stockholm, jama'a sun taru suna kallo. Bai yi tafiyar da ta wuce mita 1,300 ba iska ta buge shi, ya karkata, ruwa ya kwarara ta ƙofofin igwa na ƙasa waɗanda aka bari a buɗe, ya nutse. Mutum wajen 30 suka mutu. An tsamo shi a 1961, yana nan yanzu a gidan tarihi a Stockholm. Cikin kayan da aka samu har da sandunan awo guda huɗu na kafintocin, biyu masu ƙafar Suwidin mai inci 12, biyu masu ƙafar Amsterdam mai inci 11. Wato ma'aikata suna aiki ɗaya da mudu biyu.

A lokacin Vasa ba wanda ya iya lissafin tsayuwar jirgi a kan takarda. Sai a 1746 wani Bafaranshe, Pierre Bouguer, ya buga littafin da ya nuna hanyar yin haka. Amma sanin hanya dabam, bin ta dabam. Lissafin jirgi guda yakan cinye wa akawuna makonni, suna cika takardu da lambobi, wani yana bin bayan wani yana dubawa. Zanen ma haka. Kowace ma'aikatar jiragen ruwa tana da wani makeken ɗaki mai shimfiɗaɗɗen daɓen katako, inda masu zane suke durƙusawa su zana layukan jirgin daidai girmansa na ainihi. Sukan lanƙwasa dogayen siraran katakai, su danne su da gudajin dalma, su bi gefensu da alli. Daga nan a sassaƙa samfuri na katako a kai wa masu yankan ƙarfe. A Ingila kuwa, wajen 1872, William Froude ya gina wani dogon tafki a Torquay, ya riƙa jan ƙananan jirage na kaki a ciki don ya san ƙarfin injin da babban jirgi zai bukata. Har yau ana amfani da irin tafkin nan.

Kwamfuta ta shiga wannan sana'a tun da wuri, kafin ta shiga ofisoshi da yawa. A farkon shekarun 1960 injiniyoyin Norwe suka shirya wata manhaja mai suna Autokon. Ta mai da siffar gangar jirgi lambobi, aka huda lambobin a kan dogon zaren takarda, aka sa wa injin yankan ƙarfe mai harshen wuta, shi kuwa ya bi su ya yanke faranti ba tare da samfurin katako ba. A Sifen aka fara FORAN a 1965, daga baya NAPA ta fito daga Finlan. Da kaɗan da kaɗan manyan ɗakunan zanen nan suka zama kango.

Yau, kusan duk babban jirgi sau biyu ake gina shi. Na fari cikin kwamfuta, na biyu da ƙarfe. A cikin na farin, kowane farantin ƙarfe, kowane bututu, kowace igiyar lantarki, kowane famfo, yana da lambarsa, da nauyinsa, da wurin zamansa. Injiniya yana zaune a kujera zai iya shiga ɗakin inji, ya juya, ya leƙa bayan tanki, ya ga ko makaniki zai sami wurin sa hannunsa ran da za a canja wani abu. In mai zanen bututu ya bi da nasa ta inda mai zanen ginshiƙi ya riga ya kafa nasa, manhajar za ta nuna wurin nan da nan. A dā sai an zo haɗawa ake ganin irin wannan, a yanke, a sake walda, kwanaki su tafi.

Akwai wani aiki da telolinmu za su so. Kun san yadda gwanin tela yake jera hannu da wuya da gaban riga a kan yadi don kada ƙyalle ya yi yawa. Haka manhaja take jera ɗaruruwan gutsattsarin jirgi a kan farantin ƙarfe, ta cusa ƙanana a tsakanin manya, sa'an nan ta aika wa injin yanka. Kowane gutsure yakan fito da lambarsa a jikinsa. A haɗa su su zama ɓangarori masu nauyin ɗaruruwan tan, a ɗaga su da manyan ƙugiyoyi, a jera, a yi walda. Da wannan hanya ce ƙasashe uku, Sin da Koriya ta Kudu da Japan, suke ƙera fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan jiragen kasuwanci na duniya.

Abin ya taɓa mu ma. Jirgin nan na Egina, mai tsawon mita 330, wanda yake zaune a tekun Nijeriya yana karɓar ɗanyen mai daga rijiyoyin ƙarƙashin ruwa yana tarawa, a Koriya ta Kudu aka ƙera gangarsa. Ya iso Legas a watan Janairu na 2018, aka ɗora masa manyan ɓangarori shida waɗanda a Nijeriya aka ƙera su. Ka yi tunani, maƙera biyu, tsakaninsu tafiyar makonni a teku, amma dole ƙafar abin da wannan ya ƙera ta sauka daidai kan mazaunin da wancan ya shirya. In ba lambobi ɗaya suke karantawa ba, da labarin sandunan Vasa ya sake faruwa.

Ba zane kaɗai ba, har gwaji kwamfuta take yi. Takan rarraba ruwan da ke kewaye da jirgi gida gida har miliyoyi, ta lissafta yadda zai gudana a jikin gangar, don a gwada siffa ɗari kafin a sassaƙa ko ɗaya a kai tafki. Takan rarraba jirgin kansa ƙanana ƙanana kamar ragar kamun kifi, ta lissafta nauyin da kowane gida yake ɗauka sa'ad da igiyar ruwa ta ɗaga tsakiyar jirgin ta bar kai da gindi suna reto. Takan ce, in wannan ɗaki ya fashe ruwa ya cika shi fa? In wancan ne fa? In biyu ne tare? Ta bi ɗaruruwan irin wannan ɗaya ɗaya. Jirgi ya fara aiki kuma, akwai wata kwamfuta a cikinsa wadda babban jami'i yake gaya wa kayan da aka loda, ita kuwa ta gaya masa ko jirgin zai tsaya daidai. Waɗansu kamfanoni ma suna ajiye da kwafin jirgin a kwamfuta a kan tudu, na'urorin da ke jikin na ainihin suna aiko masa labari kullum, ana ce da shi ɗan tagwayen jirgi.

Ni dai ba na cikin masu cewa zamanin dā ya fi. Wanda ya karanta yawan jiragen da teku ta ci a zamanin takarda da alli ba zai yi marmarin komawa can ba. Amma akwai abu guda da ya kamata mu riƙe, musamman mu da 'ya'yanmu suke tashi da waɗannan na'urori a hannu. Kwamfuta ba ta taɓa ganin jirgi ba. Lambobi take gani, kowace lamba kuwa wani mutum ne ya ba ta, ko ya zaɓa mata hanyar da za ta bi ta same ta.

Ga abin da ya faru a Norwe. A 1991 ana gina gindin wani dandamalin haƙar gas mai suna Sleipner A. Da kankare aka yi shi, manyan rumbuna 24 manne da juna, huɗu daga cikinsu sun miƙe sama kamar hasumiya, tsayinsa duka mita 110. Dabarar ita ce a zuba masa ruwa ya sauka cikin teku a hankali, a ɗora masa bene, sa'an nan a ja shi zuwa inda zai zauna. Ran 23 ga Agusta, ana gwada saukar da shi a wani lungun teku kusa da Stavanger, sai aka ji ƙara. Bango ya tsage, ruwa ya shigo fiye da yadda famfuna za su iya kwashewa. Cikin minti kamar 18 ya nutse. Da ya daki ƙasa, na'urorin auna girgizar ƙasa suka rubuta maki 3. Mutanen da ke kai duka an kwashe su da rai, amma an ƙiyasta hasarar ta kai dala miliyan 700.

Da masu bincike suka zauna, suka tarar ba lalatacciyar kwamfuta aka yi aiki da ita ba, manhajar kuma sananniya ce, ana amfani da ita ko'ina. A inda rumbuna uku suka haɗu akwai wani ɗan lungu mai kusurwa uku. Ragar lissafin da aka shimfiɗa a wurin ba ta dace da siffarsa ba, sai amsar da ta fito ta rage ƙarfin da ke neman tsaga bangon da kashi 47 cikin 100. Aka yarda da amsar, aka yi bangon yadda ba zai iya jurewa ba, rodin da aka sa a wurin ma bai isa ba. Ga abin mamaki. Bayan haɗarin aka sake lissafin nan da raga mai kyau, sai ya nuna bangon zai fashe a zurfin mita 62. A zurfin mita 65 ya fashe. Ashe kwamfuta tana iya faɗin gaskiya sarai, in an yi mata tambayar yadda ya kamata.

A aji nakan ga ƙaramin irin wannan. Ka ba yaro lissafin tsawon ɗaki, ya danna na'urar lissafi, ya rubuta maka mita 450, ya ja layi biyu a ƙarƙashi yana murna. Ka ce, “Ɗana, ɗaki ne ko filin jirgin sama?” Sai ya ce ai haka na'ura ta nuna. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Yaron da bai koyi ƙiyasi da ka ba, ba shi da abin da zai tuhumi na'ura da shi. Iyaye, in kun ga malami ya hana ɗanku taɓa na'urar lissafi sai ya fara faɗin kimanin amsar, kada ku ce malamin baƙauye ne.

Manya ma ɗigo yakan kā da su. A 2013 Sifen tana tsakiyar ƙera wani sabon jirgin yaƙi mai tafiya a ƙarƙashin teku, Isaac Peral, sai aka gane ya fi yadda aka lissafta nauyi da tan 75 zuwa 100. Ga irin wannan jirgi ba ƙaramar magana ba ce, gama nutsewa ba wuya, tasowa ita ce aiki. Wani tsohon jami'in ma'aikatar tsaron ƙasar ya gaya wa 'yan jarida cewa tun farko ne wani ya sa ɗigo a inda bai kamata ba, ba kuwa wanda ya koma ya duba. Maganin da aka samu shi ne a ƙara masa tsawo da wajen mita 10. Da aka ƙara, sai ya fi ƙarfin mazaunin da aka tanada masa a tashar Cartagena, aka koma gyaran tasha. Sai a ƙarshen Nuwamba na 2023 sojojin ruwa suka karɓe shi.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Golden Ray, domin a nan ba laifin masu zane ko masu ƙira. Jirgin ɗaukar motoci ne, tsawonsa mita 200, shekara biyu da 'yan watanni ke nan da fara aikinsa. Irin waɗannan jirage dogaye ne a sama kamar gidan bene, saboda haka suna da tankuna a can ƙasa waɗanda ake cika wa ruwan teku don su danne jirgin. Daren 8 ga Satumba na 2019 ya bar tashar Brunswick a Jihar Jojiya ta Amurka, da motoci fiye da 4,100 a cikinsa. Teku tana kwance, ba hadari. Yana shan kwana zuwa dama sai ya kwanta hagu, kafin minti ɗaya ya cika ya karkata ƙwarai har mutane ba su iya tsayuwa. Akwai wata ƙofa a gefensa da aka bari a buɗe, ruwa ya bi ta nan. Ma'aikata 23 ne a ciki da jagoran tasha ɗaya. Huɗu suka maƙale a ɓangaren inji cikin zafi da duhu, sai washegari aka huda gangar jirgin aka zaro su. Ba wanda ya mutu. Amma sai da aka yanka jirgin gida takwas kafin a kawar da shi, aikin bai ƙare ba sai a 2021.

Hukumar binciken haɗarin sufuri ta Amurka ta ce babban jami'in jirgin ya yi kuskure sa'ad da yake shigar da yawan ruwan tankunan nan cikin kwamfutar lissafin tsayuwa. Ruwan da ke ciki na gaske ya gaza abin da aka rubuta da wajen tan 1,500. Kwamfuta ta karɓa, ta yi lissafinta ba kuskure, ta ce lafiya lau. Hukumar ta ƙara da cewa kamfanin da ke tafiyar da jirgin ba shi da ingantacciyar hanyar da wani zai bi bayan lissafin ya tabbatar. Mutum ɗaya ya rubuta, ba mai dubawa, rayuka 24 kuma suna kan abin da ya rubuta.

Wannan kuskure ne. Akwai kuma inda lambar take zuwa a karkace tun daga hannun mai kaya. A watan Janairu na 2007 wani jirgin kwantena, MSC Napoli, ya tsage cikin hadari a mashigin tekun Ingila, aka ja shi zuwa gaɓa. Masu bincike suka auna kwantena 660 da ke samansa waɗanda ruwa bai taɓa ba. Guda 137 daga ciki sun saɓa wa abin da aka rubuta a takarda da fiye da tan 3 kowace, wata ma har da tan 20. Ba wannan kaɗai ya karya jirgin ba, amma ya buɗe idon duniya. Tun daga 1 ga Yuli na 2016 dokar ƙasa da ƙasa ta hana a ɗora kwantena a jirgi sai an tabbatar da nauyinta. Ɗan kasuwar da ya rage lamba a takarda don ya rage kuɗin dako, ko ya sani ko bai sani ba, ya sa hannu a lissafin da ran matuƙa yake rataye a kai.

Mu ma muna da namu ruwan. A kan Kwara da Binuwai jiragen katako ne suke kai mutane kasuwa da biki, yawancinsu ba zane, ba takardar nauyi, ba kuma irin layin nan da ake shafawa a jikin manyan jirage, wanda Ingila ta wajabta tun 1876 don kowa ya ga iyakar lodi. A watan Yuni na 2023, a yankin Patigi na Jihar Kwara, mutum fiye da 100 suka mutu suna dawowa daga biki da dare cikin jirgin da aka cika maƙil. Dokar da ta kifar da Vasa ita ce take aiki a nan. Buhuna a ƙasa, mutane a zaune, kada kowa ya ruga gefe ɗaya. Ruwan da ya taru a cikin jirgi kuma a kwashe shi tun yana kaɗan, gama duk inda jirgi ya karkata can yake gudu ya ƙara danne shi. Wanda ya taɓa ɗaukar faifan tire cike da ruwa ya san yadda abin yake.

To, yaya masu ƙera manyan jirage suke tabbatar da abin da kwamfuta ta gaya musu? A nan ne zaren magini ya shigo. Dokar kiyaye rayuka a teku ta ce kowane jirgin fasinja, kome ƙanƙantarsa, da kowane jirgin kaya mai tsawon mita 24 ko fiye, in an gama shi sai an yi masa gwajin karkatawa. In an ƙera jirage da yawa iri ɗaya, akan iya ɗauke wa na bayan, muddin awon nauyinsu ya yi daidai da na farin.

Akan zaɓi ranar da ba iska, a wurin da ruwa yake kwance. A sassauta igiyoyin da suka ɗaure jirgin don ya zauna da kansa. A bi shi ɗaki ɗaki da takarda, a rubuta duk abin da ke ciki wanda ba nasa ba ne, kamar injin walda da tsani da gwangwanayen fenti, da kuma duk abin da ya kamata ya kasance amma ba a sa ba tukuna. Tankuna kuwa ko dai a cika su fal ko a kwashe su ƙaf, saboda ruwan da ke kai da kawowa yakan ɓata awo. A ƙidaya mutanen da za su zauna a ciki, kowa a nuna masa inda zai tsaya. Sa'an nan waɗansu su shiga ƙaramin kwale-kwale su kewaya jirgin, su karanta inda ruwa ya kai a lambobin da ke gaba da tsakiya da baya, su ɗebi ruwan su auna kaurinsa, gama ruwan gishiri ya fi na kogi ɗaukar kaya. Da wannan aka san nauyin jirgin na gaskiya, ta hanyar Arkimidis.

Saura cibiyar nauyi. Akan ɗora manyan gudajin ƙarfe ko na kankare a kan bene, waɗanda aka riga aka auna. A rataye dogon zare mai gudan dalma a ƙarshensa, irin wanda magini yake duba miƙewar bango da shi, aƙalla a wuri biyu. Akan tsoma dalmar cikin kwano mai mai don ta daina lilo da sauri, a shimfiɗa katako a gicciye a bayan zaren. Sai a ɗauke gudan ƙarfe ɗaya daga wannan gefe a kai wancan. Jirgin ya ɗan karkata kaɗan, abin da mai tsayuwa a gaɓa da ƙyar zai lura. Mutum ya durƙusa ya sa alama da fensir a inda zaren ya tsaya. A sake matsar da wani, a sake alama, yawanci har sau takwas, dama da hagu. Yau akan haɗa da na'urar lantarki mai auna karkata, amma jami'in da ya zo shaida yakan so ya ga alamun fensir ɗin da idonsa.

Daga nauyin da aka matsar, da nisan da aka kai shi, da tazarar da zaren ya gusa, lissafin da ɗan sakandare zai iya yi ya nuna inda cibiyar nauyi take. Sai a ɗora wannan kusa da abin da kwamfuta ta faɗa tun jirgin yana zane. In sun saɓa, na zaren ake ɗauka. Shi ake rubutawa a littafin tsayuwar jirgi, shi ake shigarwa cikin kwamfutar da babban jami'i zai yi aiki da ita a kowace tasha.

Jirgin fasinja kuwa ba a barinsa haka nan. Jirgi yakan yi ƙiba da shekaru, fenti a kan fenti, sabon inji a nan, ƙarin ɗaki a can, kayan gyara da aka ajiye aka manta. Saboda haka kowace shekara biyar akan sake duba nauyinsa. In ya saɓa wa na littafin da fiye da kashi 2 cikin 100, sai a nemi rana marar iska, a kawo gudajin ƙarfe, a sake rataye zaren.